Abubakar Tafawa Ɓalewa: Firayim Ministan da ya kori jakadan Faransa saboda bam ɗin Sahara

A ranar 5 ga watan Janairun 1961, watanni uku kacal bayan Najeriya ta sami 'yancin kai, gwamnatin tarayya da ke Legas ta bai wa jakadan Faransa, Raymond Offroy, wa'adin sa'o'i 48 ya bar ƙasar. Haka kuma ta hana jiragen sama da na ruwa na Faransa amfani da filaye da tashoshin Najeriya.

Dalilin ɗaukar wannan mataki shi ne gwajin bam na nukiliya karo na uku da Faransa ta yi a Hamadar Sahara, kwana tara kafin nan.

Wanda ya jagoranci yanke shawarar shi ne Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin shi ne kuma yake riƙe da ma'aikatar harkokin waje. Matakin ya bai wa duniya mamaki, domin an san shi da sanyin hali da kaffa-kaffa wajen magana, har ma abokan hamayyarsa na zarginsa da yi wa ƙasashen Yamma biyayya fiye da kima.

Ɗan talaka daga Bauci

An haifi Abubakar a watan Disamban 1912 a lardin Bauci, kuma ya ɗauki sunan garin Tafawa Ɓalewa kamar yadda 'yan makarantar boko na zamanin suka saba yi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana hidima ne a ƙarƙashin hakimin gundumar Lere. Sunan mahaifiyarsa Fatima Inna. Ba shi da gadon sarauta, abin da ya bambanta shi da akasarin waɗanda suka shugabanci Arewa a zamaninsa.

Bayan karatun allo da na elementare, ya shiga makarantar lardi ta Bauci, daga nan kuma ya wuce Kwalejin Katsina a 1928, inda ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato. Ya kammala a 1933, ya koma Bauci ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil, har ya kai ga zama shugabanta.

A wannan lokaci ne ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa da hukumar fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Littafinsa, Shaihu Umar, ya fito a 1934, kuma labari ne na yaron da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara Hamada da shi. Ashe Hamadar da ya siffanta yana matashi za ta dawo masa bayan shekara 25 a matsayin babbar matsalar siyasa.

A Bauci ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, inda suke haɗuwa a zauren tattaunawa kan al'amuran mulki da ilimi. A 1945 ya sami gurbin ƙaro karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar London, ya dawo a 1946.

Daga aji zuwa majalisa

Dawowarsa ke da wuya ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, sannan a 1947 ya zama ɗaya daga cikin wakilan Arewa a majalisar ƙasa da ke Legas. A watan Agustan 1950 ya gabatar da ƙuduri a Kaduna yana neman a yi wa tsarin mulkin En'e garambawul, a sanya talakawa cikin sha'anin tafiyar da garuruwansu. Ƙudurin bai yi wa wasu sarakuna daɗi ba, amma ya fito da shi a matsayin mutumin da yake faɗin gaskiya cikin ladabi.

Yana cikin waɗanda suka mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya ministan sufuri, kuma a zamaninsa ne aka tsara shimfiɗa layin dogo da ya ratsa Bauci zuwa Maiduguri. A ƙarshen watan Agustan 1957 ya zama Firayim Minista na farko na tarayyar Najeriya. Daɗin muryarsa da iya Turancinsa suka sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya ta Afirka.

Sai dai har zuwa lokacin, harkokin waje da na tsaro suna hannun Birtaniya. A cikin wannan hali ne labari ya bazu cewa Faransa, ƙarƙashin Janar Charles de Gaulle, tana shirin gwada bam ɗinta na farko a kudancin Aljeriya, wadda take yi wa mulkin mallaka.

Fargabar iskar hunturu

Wurin da Faransa ta zaɓa yana kusa da garin Reggane, a ƙarshen kudancin yankin Tuwat. Hukumomin Faransa sun bayyana shi a matsayin daji maras mutane, alhali Tuwat jerin garuruwa ne masu dabino da rijiyoyi, waɗanda suka daɗe suna hulɗar fatauci da ilimi da ƙasar Hausa. Daga can ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, kuma a yankin aka binne shi.

Nisan da ke tsakanin Reggane da Kano bai kai kilomita 2,000 ba. Duk wanda ya zauna a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san yadda iskar hunturu take kwaso ƙura daga Hamada tsakanin Nuwamba da Maris, ta lulluɓe gari da hazo, ta shiga ɗaki da kwano da huhu. Saboda haka ba a buƙaci wani dogon bayani ba kafin jama'a su fara tambayar abin da wannan iska za ta ɗauko idan aka fasa bam a hanyarta. Shekara 14 ke nan kacal da hallaka biranen Hiroshima da Nagasaki na ƙasar Japan.

Fargabar tana da tushe a kimiyya. Idan aka fasa bam na nukiliya a sarari, yana tayar da ƙura da ta gauraye da burbushin sinadarai masu fitar da tururi, iska kuma ta yi nisa da ita kafin ta sauka. Daga cikinsu akwai wani nau'in sinadarin aidin da ƙarfinsa yake raguwa da rabi duk bayan kwana 8, amma yana sauka kan ciyawa, shanu su ci, ya shiga nono, daga nan ya taru a maƙogwaron yara. Akwai kuma sinadaran siziyom da sitirontiyom, waɗanda sai bayan kimanin shekara 30 ƙarfinsu yake raguwa da rabi. Ga al'ummar da ta dogara da noma da kiwo, wannan ba ƙaramin abin damuwa ba ne.

Abin da ya ƙara tsananta tsoron shi ne tururin ba a ganinsa, ba a jin warinsa, ba shi da ɗanɗano. Mutum ba shi da hanyar sanin ko ya shaƙa sai an gaya masa. A nan ne batun yarda ya shigo: wa zai auna, kuma wa zai faɗi sakamakon?

A 1959 an tafka muhawara kan lamarin a Majalisar Wakilai da ke Legas, jaridu da ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka yi ta nuna adawa. Abubakar ya kai koken Najeriya ga gwamnatin Harold Macmillan a London, tunda ita ce take magana da yawun ƙasar a waje. Birtaniya, wadda ita kanta ta yi irin wannan gwaji a Ostareliya da tekun Pasifik, ta ba da tabbacin cewa abin da zai iso Najeriya ba zai kai mizanin cutarwa ba, ta kuma taimaka da masana da na'urorin auna tururi a wasu garuruwa.

A watan Nuwamban 1959 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri yana kira ga Faransa ta janye shirin. Birtaniya ba ta goyi bayan ƙudurin ba. 'Yan Najeriya da dama sun lura cewa mai ba su tabbacin lafiya shi ne kuma abokin ƙawancen mai gwajin.

Gwaji uku cikin shekara guda

Faransa ta yi kunnen uwar shegu. A ranar 13 ga watan Fabrairun 1960, ana tsakiyar hunturu, ta fasa bam na farko, mai ƙarfin kimanin kiloton 70, wato ninki huɗu na wanda aka jefa a Hiroshima. Ghana, wadda ta riga ta sami 'yanci a ƙarƙashin Kwame Nkrumah, ta ƙwace ikon taɓa kadarorin Faransa da ke ƙasarta. Najeriya ba ta da ikon yin komai baya ga nuna ɓacin rai. Gwaji na biyu ya biyo baya a ranar 1 ga watan Afrilu.

A ranar 1 ga watan Oktoban 1960 Najeriya ta sami 'yancin kai, bayan mako guda kuma ta zama mamba ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Abubakar da kansa ya yi jawabi. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ranar 27 ga watan Disamba, babu sauran wata ƙasa da take magana a madadin Najeriya. Amsar da ta bayar ita ce korar jakada.

Matakin bai zo da sauƙi ba. Maƙwabta irin su Nijar da Chadi, waɗanda ba su da teku, suna dogara da hanyoyin Najeriya. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram, alal misali, ta Kano take bi zuwa bakin ruwa. Saboda irin wannan matsi, an ɗage takunkumin jiragen bayan 'yan watanni, amma hulɗar jakadanci ba ta dawo ba sai a tsakiyar shekarun 1960.

Masana tarihi sun yi saɓani kan abin da ya fi tasiri a zuciyar Firayim Ministan. Wasu na ganin ya so ya nuna wa 'yan adawa da kuma Nkrumah cewa Najeriya ba 'yar amshin shatar Turawa ba ce, musamman da yake ana sukarsa a lokacin kan yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, wadda daga bisani aka soke a watan Janairun 1962. Wasu kuma na nuni da cewa ya daɗe yana gargaɗi tun 1959, kuma yankin da ya fito ne ya fi kusa da Hamada. Akwai kuma masu ganin cewa wulaƙancin da de Gaulle ya ji an yi wa ƙasarsa yana cikin dalilan da suka sa Faransa ta karkata ga Biyafara a lokacin yaƙin basasa.

Abin da ya bayyana daga baya

Faransa ta yi gwaji na huɗu a sarari a ranar 25 ga watan Afrilun 1961, sannan ta koma yin sa a ƙarƙashin duwatsun In Ekker, a yankin Hoggar na Abzinawa. Ta yi gwaji 13 a can, wanda ya kawo jimillar gwaje-gwajenta a Aljeriya zuwa 17. Yarjejeniyar da ta bai wa Aljeriya 'yanci a 1962 ta ƙyale Faransa ta ci gaba da amfani da wuraren na wasu shekaru.

Ko na ƙarƙashin ƙasar ma bai zama babu haɗari ba. A ranar 1 ga watan Mayun 1962 dutsen ya kasa riƙe ƙarfin fashewar, hayaƙi mai guba ya tsere ya lulluɓe sojoji da manyan baƙi, cikinsu har da ministocin Faransa biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski.

Sai a 2010 Faransa ta kafa dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajen suka cutar, kuma 'yan Aljeriya kaɗan ne ƙwarai suka amfana da ita. A 2014 jaridar Le Parisien ta wallafa wata taswirar rundunar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna cewa cikin kwana 13 burbushin gwajin farko ya bazu a kan sassa masu yawa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har ya kai kudancin Turai.

Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce tururi yana raguwa sosai gwargwadon nisa, don haka mafi girman cutarwar ta faɗa ne kan mazauna kusa da wuraren gwajin, da leburori, da ƙananan sojoji. To amma taswirar ta tabbatar da abin da mutanen Arewa suka yi zato tun farko, cewa ƙurar ba za ta tsaya inda aka ce za ta tsaya ba. Shekaru 50 na ɓoye bayani sun yi wa yardar jama'a illar da ta wuce ta ƙurar kanta.

Ƙin bam, karɓar kimiyya

Abubakar bai ɗauki ilimin nukiliya a matsayin abin ƙyama ba. Gwamnatinsa ta bi hanya biyu a lokaci guda. Ta fuskar makamai, Najeriya ta zama ɗaya daga cikin ƙasashe 18 na kwamitin kwance ɗamarar yaƙi da ya fara zama a Geneva a 1962, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar 1963 da ta haramta gwajin nukiliya a sarari da cikin ruwa. A 1964 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta a Addis Ababa a 1963, ta ayyana ƙudurin raba nahiyar da makaman nukiliya. Wannan ƙuduri ne ya haifar da yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a 1996, ta fara aiki a 2009.

Ta fuskar ilimi kuwa, a 1964 Najeriya ta shiga Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, aka kuma kafa sashen kare jama'a daga tururi a Jami'ar Ibadan. Darasin 1960 shi ne ƙasar da ba ta da nata masu awo, dole ta karɓi duk abin da aka gaya mata. Game da wutar lantarki, gwamnatinsa ta zaɓi ruwa: a 1964 aka fara gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara, aka kammala a 1968.

Ƙarshen Jamhuriya ta Farko

A waje sunansa ya yi ta ɗaukaka. Ya aika sojoji aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo, yana cikin shugabannin da matsin lambarsu ya sa Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata ta fice daga ƙungiyar Commonwealth a 1961, kuma a watan Yulin shekarar ya gana da Shugaba John Kennedy a Amurka.

A gida kuwa al'amura sun yi ta dagulewa. An kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, an ɗaure Cif Obafemi Awolowo a 1963, an yi taƙaddama kan ƙidayar jama'a, an yi yajin aikin gama-gari da rikicin Tibi a 1964, sannan zaɓen tarayya na Disamban 1964 da na Jihar Yamma na Oktoban 1965 suka bar baya da ƙura. Masu sukarsa sun ce ya yi jinkirin ɗaukar mataki a Yamma, kuma bai iya fita daga inuwar jam'iyyarsa ba. Magoya bayansa sun ce ya riƙe ƙasa mai wuyar riƙo, bai tara wa kansa dukiya ba.

A ranakun 11 da 12 ga watan Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin taron shugabannin Commonwealth a Legas kan rikicin Rodeshiya. A daren 15 ga watan wasu hafsoshin soja suka yi yunƙurin juyin mulki, suka kashe Sardauna a Kaduna da Cif Samuel Akintola a Ibadan, suka tafi da Firayim Minista daga gidansa. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauci aka yi masa sutura. Ya rasu yana da shekara 53. Wata guda bayan haka, a ranar 16 ga watan Fabrairu, Faransa ta yi gwajinta na ƙarshe a Sahara, ta koma tekun Pasifik.

Tambayar da ya bari

Najeriya ta kafa hukumar makamashin nukiliya a 1976, ta yi dokar kafa hukumar sa ido kan harkar a 1995, wadda ta fara aiki a 2001. A 2004 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kilowat 30 a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, domin gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, da kuma horar da ɗalibai. A 2018 aka sauya mata makamashi da yuraniyom maras ƙarfin da za a iya haɗa bam da shi, aka mayar da tsohon zuwa ƙasar Sin. A asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, daf da Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi da tururi ya zama abin yau da kullum.

Har yanzu Najeriya ba ta da tashar samar da lantarki ta nukiliya, ko da yake a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyoyi da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya ginawa. Masu goyon baya na cewa tasha daban take da bam, tunda an ƙera ta ne don ta tsare tururi a cikinta, kuma ƙasar na fama da ƙarancin wuta. Masu adawa na tunatar da hatsarin Chernobyl na 1986 da na Fukushima na 2011, suna tambayar ko hukumomi za su iya kula da irin wannan tasha, kuma ko za su faɗi gaskiya ranar da aka sami matsala.

Wannan ita ce tambayar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fuskanta a 1959, lokacin da ake ba shi tabbacin da ba shi da hanyar tantancewa. Hotonsa na kan takardar Naira biyar, an sanya wa jami'ar tarayya da ke Bauci da wani babban dandali a Legas sunansa, kuma kabarinsa da ke Bauci na cikin wuraren tarihi da ɗalibai da baƙi suke ziyarta.